Ɗaki Mai Ƙofa a Cikin Jirgi

Shekara goma sha tara Gwaggo ta yi tana sharar jirgin sama, ba ta taɓa tashi a cikinsa ba. A ƙasa ta san jirgi, bayan fasinjoji sun fita sun bar ɗumin jikinsu a kan kujeru da ɓawon lemo a aljihun gaba. Su shida ne a rukuninsu, minti arba'in ake ba su. Shugabarsu kuwa Agogo suke kiranta, domin ko gaisuwa ba ta amsawa sai ta duba hannunta.

Mijin Gwaggo tela ne, kuma Tela kowa ke ce masa, har ita in tana jin tsokana. Ciwon sukari ya daɗe a jikinsa, kullum sai ya yi allura kafin ya ci abinci, in kuwa ya yi ta bai ci ba, sukarinsa ƙasa yake yi. A shekarar da nake magana, ƙafarsa ta dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita, ta yi gyambon da ya ƙi warkewa. Likita bai ɓoye musu komai ba. Ko a kai shi babban asibiti cikin sati biyu, ko a yanke daga gwiwa. 'Yarsu tana aure a wata ƙasa mai nisan awa bakwai a jirgi, mijinta ya samo likita a can, ya yanki tikitin bizines domin tsohon ya sami wurin miƙe ƙafa. Takardun Gwaggo ba su fito ba. Shi kaɗai zai tafi.

Abin da ya hana ta barci ke nan. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ba ta taɓa jin mutumin nan ya ce a ba shi abu ba. In ƙishirwa ta kama shi, sai ya zauna yana juya kofi a hannu har wani ya gane. In gishiri bai ji ba, haka zai cinye ya yi godiya.

A watan nan ne kamfanin ya gyara gaban jirgin. Suka cire tsofaffin kujerun fas kilas, waɗanda suka fi na bizines tsada, suka yi ɗakuna shida, kowanne da ƙofar ja, da kujera mai zama gado, da ɗan kabad na rataye kaya. Ranar da masu shara suka fara shiga, Gajeriya, abokiyar aikin Gwaggo, ta tsaya da tsumma a hannu ta riƙe baki.

"Wannan ai ya fi ɗakin da nake haya. Nan ko ɓera ba ya leƙo ka."

"To bizines fa?" in ji wata.

"Bizines ai zaure ne. Kowa na ganin tafin ƙafar kowa, in ka yi minshari na kusa ya zungure ka."

"Saura minti talatin da biyu," in ji Agogo.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Tana goge madubin ɗaki na biyu, tana tunanin mutumin da ya ƙare rayuwarsa a duƙe yana ɗinka wa manya kayan da ba zai taɓa sawa ba. Ta tuna yadda yake jan wando ya rufe bandejin ƙafarsa in baƙo ya shigo shago, don kunyar wari. A bizines zai yi awa bakwai yana naɗe ƙafar kada ya dami na kusa. A nan kuwa zai ja ƙofa ya miƙe.

Ba ta taɓa roƙon Agogo komai ba, ko canjin hutu. Ran nan ta tare ta a bakin matakala.

"Ranki ya daɗe, alfarma nake nema."

Agogo ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba.

"Na san mai rabon kujeru. In akwai ɗakin da ba kowa, zan yi masa magana. Amma ban yi miki alkawari ba, Gwaggo."

Ana gobe tafiya, da la'asar, Agogo ta kira ta ce an samu. Ɗaki na biyu.

Tela yana zaune a tsakar ɗaki, ƙafa a kan matashi, yana maida maɓallin kwat ɗinsa da ya yi lako-lako. Da ta gaya masa, ya ɗago da zare a baki.

"Me ya sami kujerar da yaron nan ya saya?"

"Ba abin da ya same ta. Wannan ta fi."

"Uwar gida, ni da ko a mota baya nake zama? In na shiga za su ɗauka gyaran labule na zo."

"Sai ka gyara musu in ya ɓaci. Ka saurare ni da kyau, ni na san jirgin nan ciki da bai."

Ta zauna ta jera masa komai. Ta ce da zarar jirgi ya daidaita a sama, an kashe fitilar ɗamara, ya yi allurarsa, domin abinci na tafe a kan keken turawa, ba a fi minti ashirin ba. Wannan ta tabbata da shi. Shekara da shekaru tana kwashe tirorin bizines, kujera talatin tire talatin, tana kuma jin ma'aikatan jirgi suna cewa da an tashi ake fara rabo.

"Sannan a gefen hannunka akwai maɓalli mai hoton jinjirin wata. In ka danna shi, ba mai damun ka da tambaya. Ka ja ƙofa ka huta."

Maɓallin da ta sani ke nan, domin aikin masu shara ne su duba ko fasinja ya bar shi a kunne su kashe. Sauran maɓallan gogewa kawai take yi.

Ta ƙulle ƙwayoyin sukari shida a leda, ta sa masa a aljihun kwat na ciki, kamar yadda take yi duk inda zai je.

"In ka ji jiri ko gumi, ka san inda suke."

"Na sani, likita. Kin fi na asibiti faɗa."

Da safe ita ta share ɗaki na biyu da hannunta. Sau biyu ta goge hannun kujerar. Dokar aiki ba ta bar su su tsaya har fasinja su shigo ba, saboda haka daga tagar motar ma'aikata ta hango shi, ana tura shi a keken marasa lafiya, ya rungume jakarsa a cinya, kwat ɗin a goge tas. Bai gan ta ba.

Gajeriya ta dafa ta. "Yau mijinki ya zama babban mutum. In ya dawo sai kin cika takarda kafin ki gan shi."

Gwaggo ta yi jirgi huɗu a yinin nan. Ta koma gida ta wanke bandejin da ya bari, ta shanya. Rana na shirin faɗuwa wayarta ta yi ƙara. 'Yarta ce, muryarta a daidaice kamar mai karanta takarda.

"Inna, sun sauka. Baba bai farka ba. Muna motar asibiti."

"Barci ne. Ki girgiza shi, nauyin barci gare shi."

"Ba barci ba ne, Inna. Sun ce sukarinsa ne ya yi ƙasa, ya daɗe a haka."

"Akwai sukari a aljihunsa. Na ciki, na hagu."

"Babu kwat a jikinsa."

Washegari kafin azahar ya cika, bai buɗe ido ba. Likitan da aka yi tafiyar dominsa ko bandejin bai kai ga kwancewa ba. A can aka binne shi, da ƙafafunsa biyu.

Rana ta biyar, mutane sun ragu a gidan, wata doguwar mace ta yi sallama da kaya a cikin ledar rataye tufafi. Gwaggo ta gane ta. Ma'aikaciyar jirgi ce, wadda takan wuce su a matakala ta ce sannunku da aiki. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ajiye ledar.

"Mama, kwat ɗinsa ne. A kabad aka manta shi. An ce in miƙa ofis, na ce ni zan kawo."

"Wa ya cire masa?"

"Ni ce. Haka aka koya mana a sabon tsarin. Mu karɓi kwat mu rataye, mu ba da rigar shan iska. Ya ɗan riƙe shi, sannan ya sake, ya ce kada in tsaya da hannu a miƙe."

Gwaggo ta gyaɗa kai. Muryarsa ce sak.

"Ya ci abinci?"

Matar ta sunkuya. "A fas kilas yanzu ba a rabon abinci, Mama. Sai lokacin da fasinja ya so. Wai kada a tashi mutum don tire. Na tambaye shi, Baba yanzu za ka ci ko sai an jima? Ya ce duk yadda ya fi miki sauƙi, 'yata, kada ki wahalar da kanki. Na ce to in ya shirya ya danna kira. Da na sake wucewa, ƙofa a rufe, jinjirin wata a kunne."

"Kin leƙa?"

"Sau ɗaya, ta saman ƙofa. Yana kwance ya juya baya, gumi a wuyansa. Na ɗauka zafi yake ji, na ƙara masa sanyi. In wata na kunne ba ma buɗewa sai saura awa ɗaya a sauka. An taɓa korar wata ma'aikaciya a kan haka." Ta share hanci da bayan hannu. "Allurar na same ta a ɗan kwandon shara. Ya maida mata murfi, ya naɗe ta a takarda, kada ta soki mai shara."

A waje wata maƙwabciya na wanke kofunan masu gaisuwa.

"Takardarsa fa? Surukina ya ce ya rubuta ciwon."

"A kan kujerar bizines aka rubuta. Da aka canza masa wuri, bayanin bai biyo shi ba. Su can sun ware masa tirensa, minti goma sha biyar da tashi suka kai. Da suka ga kujera ba kowa, suka mayar."

"Wa ke kusa da kujerar tasa ta bizines?"

"Wata tsohuwa mai surutu. Har muka sauka ba ta yi shiru ba."

Gwaggo ta ja ledar, ta zuge, ta sa hannu a aljihun ciki na hagu. Ƙullin na nan yadda ta ɗaure shi. Ta kwance ta ƙirga, shida. Kabad ɗin ta san shi, ta goge shi da hannunta. Daga gadon taku biyu ne, ga mai ƙafar takawa.

"Mama, ki yafe mini."

"Ke aikinki kika yi. Ni na ce ya yi allura. Ni na nuna masa watan."

"Ba ki sani ba."

"Na ce masa na san jirgin ciki da bai."

Daga kamfanin aka aiko wasiƙar ta'aziyya mai kauri, da furanni da suka bushe a kwana uku. 'Yarta ba ta taɓa tambayar yadda aka yi kujerar ta canza ba. Surukin ya tambaya sau ɗaya a waya, matarsa ta karɓe wayar, aka shiga wata magana. Da ma sun tambaya, da ta fi samun sauƙi.

Bayan wata biyar ta koma aiki. Agogo ta tare ta a bakin matakala, ba ta duba hannunta ba.

"Na maida ke bayan jirgi, Gwaggo. Gajeriya za ta riƙa yin gaba."

"Ki bar ni a gaba, ranki ya daɗe."

Ɗaki na biyu yana nan yadda yake, sai ƙamshin turare. An ƙara wa ƙofar tsawo da taƙi ɗaya, domin fasinjoji sun yi ƙorafin ana leƙa su ta sama. Wata sabuwar mai shara ta tsaya a bayanta tana shafa bangon.

"Gwaggo, ke da kika daɗe, da gaske nan ya fi bizines?"

Gajeriya ta yi wa yarinyar wani kallo, ta ja ta zuwa baya.

Gwaggo ta canza zanen gado. Ta goge madubi, ta kwashe kwando, ta duba watan, a kashe yake. Sannan ta sa hannu a aljihun rigar aikinta ta fiddo ƙwayar sukari biyu a naɗe, ta ajiye a gefen maɓallan, inda hannun mutumin da ke kwance zai kai. Haka ta yi a ɗakunan shida.

Agogo ta shigo dubawa, da hoton yadda ɗakin ya kamata ya kasance a hannunta. A hoton babu komai a wurin nan. Ta daɗe a tsaye tana kallon sukarin.

"Kin san in mai duba na kamfani ya gani, ni za a kira."

"Na sani."

Agogo ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya ta tsince, ta zuba a aljihunta. Ba ta rubuta komai a takarda ba.

Washegari Gwaggo ta sake ajiyewa, Agogo ta sake tsincewa. Shekara ta biyu ke nan suna haka, kuma ko sau ɗaya sukarin bai tashi da jirgin ba.