Hoton Likita a Bakin Makaranta

Bokitin ne ya tona asiri. Mama na tsaye a ƙofar gida direban tasi yana sauke kaya: akwati, katifa a naɗe, sai kuma shuɗin bokitin da ta saya wa 'yarta ranar da za ta tafi jami'a. Ta juya ta dubi 'yar tana fitowa daga motar.

"Likita, lafiya? Ba ki ce za ki zo ba."

"Hutu aka ba mu, Mama."

"Hutun da ake dawowa da bokiti?"

Yarinyar ta raɓa ta wuce. Ta shige falo ta zauna, ta juya wa bango baya. A bangon nan sakamakon jarrabawarta ta sakandare yake rataye, cikin firam ɗin ƙarfe da Baba, mai walda, ya ƙera da hannunsa. Darasi tara, kowanne da maki mafi girma. Tun ranar da takardar ta fito sunanta na yanka ya ɓata a unguwa, yaro da babba Likita suke ce mata.

Ita kuwa ta san yadda aka yi. Ana saura wata uku jarrabawa Baba ya cire ta daga makarantarsu ya kai ta wata mai zaman kanta, inda ba a taɓa faɗuwa. A zauren jarrabawa malami ne yake rubuta amsa a allo, mai sa ido yana waje yana shan lemo. Aikinta kawai ta kwafa da kyau. A jami'a babu mai rubuta wa kowa komai. Ta yi karatu har idanunta suka faɗa, amma kullum sai ta ji kamar ana ɗora mata bene a kan gidan da ba a haƙa wa tushe ba. Ta faɗi, aka ba ta dama ta maimaita, ta sake faɗuwa.

"Sun kore ni, Mama."

Mama ta dafe ƙirji, ta zauna a hannun kujera. Ta ce, "Gobe fa babanku zai kai Auta makarantar nan da ya kai ki."

Auta ƙanwar Likita ce. Makinta bai cika wuce rabi da ɗan ɗoriya ba, amma gumin kanta ne.

* * *

Likita ta tarar da Baba durƙushe a shagonsa, tartsatsi na tashi, yana haɗa wani firam da ya fi ƙofar ɗaki girma. Maƙwabcinsa mai faci ya hango ta, ya ɗaga murya.

"A'a, Likita bokan Turai! Zo ki duba min gwiwar nan kafin ki fara tsada!"

Ta yi yaƙe ta wuce. Baba ya ɗage gilashin fuskarsa yana washe baki. Ta durƙusa ta gaya masa. Ya kashe injin. Shagon ya yi tsit, har tana jin ƙarfen yana ƙas-ƙas yana hucewa.

"Wa ya sani?"

"Mama kaɗai."

"To ya tsaya nan."

"Baba, don Allah ka bar Auta a makarantarta. Abin da ta sani nata ne. Ni ban san komai ba, takarda ce ta sani."

"Da wannan makin nata wa zai ɗauke ta? 'Ya'yan kowa ta nan suke bi." Ya share zufa da bayan hannu, bai dube ta ba. "Ni ƙofa na buɗe miki. Na ɗauka in kin shiga, sauran zai zo da kansa."

"Bai zo ba, Baba."

Ya nuna wani ƙyalle da ke naɗe a jikin bango. "Allon makarantar ne nake yi. Mai makaranta ya ce saboda hotonki Auta za ta zauna jarrabawa kyauta. Na riga na amsa. In koma in ce masa me?"

Tsoro ta gani a idonsa, ba faɗa ba, kuma wannan ya fi tayar mata da hankali.

* * *

Da safe ta bi Baba da Auta, tana ta saƙa abin da za ta faɗa in sun isa. Har an kafa allon, tun daga nesa ta hango kanta a sama da ƙofar makarantar, tana murmushi cikin farar rigar da mai hoto ya ara mata, da abin awon ƙirji a wuya. Iyaye sun yi layi a ƙarƙashin allon.

Malamin da ke karɓar sababbin ɗalibai ya dubi tulin littattafan da Auta ta rungume, ya yi dariya.

"'Yammata, ba da ajiyar waɗannan. Nan ba ma wahalar da yara."

Auta ta dubi Baba, ta dubi yayarta. Likita ta buɗe baki, sai ta ji hannun Baba a kafaɗarta. Ta mayar da bakinta ta rufe. Auta ta miƙa mata littattafan, ta shiga.

Wata mata da ke layi ta kalli allon, ta kalli Likita, ta tafa hannu.

"Wallahi ita ce! Kai, zo ka gaishe ta." Ta jawo ɗanta gaba. "Allah Ya sa nawa ma ya zama kamarki, 'yar nan."

Likita ta ƙanƙame littattafan a ƙirjinta. Baba ne ya amsa, kansa a sunkuye.

"Amin."