Sharar Kufan Maƙera

Bakina ne ya jawo mini, don ni Rumaisa'u ban iya ganin abin mutane in yi shiru ba.

Karatun tono kayan tarihi ya kai ni ƙasar Wales. Malamata a can, Madam Nesta, dattijuwa ce 'yar ƙasar, wadda ta ƙare rayuwarta tana bin sawun kakanninta. Wata rana ta hau da mu ɗalibanta wani tudu cikin ruwan sama da sanyi mai shiga ƙashi, ta nuna mana inda mutanensu na dā suka narka tama. Mene ne a wurin? Ɗan baƙin dunƙule, bai kai ƙwan zabo ba. Ta durƙusa gabansa, ta auna, ta ɗauki hoto, ta ce kada wanda ya motsa shi, domin inda abu yake kwance shi ke faɗin shekarunsa da yadda aka yi aikin.

Dariya ta kama ni. Na ce, "Madam, wannan ne kuke wa ladabi haka? A ƙauyenmu, bayan Kore Mairuwa, akwai kufan maƙera. Irin wannan kashin tama tsibi-tsibi ne, har da gindin murhunan narkawa suna nan tsaye. A ciki muka yi wasan ɓuya."

Ta dube ni da kyau, ta ce in haka ne za ta bi ni ta gani. In wurin ya kai yadda na faɗa, a kansa zan yi babban bincikena, in yi aikina a gida kusa da iyayena. Abin da nake roƙon Allah ke nan tun ranar da na bar Arewa.

Na buga wa Baba waya na ce babbar baƙuwa na tafe, malamata ce, kufan maƙera za ta gani. Ya ce, "To, Uwata, Allah shi kawo ku lafiya." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Da rani muka iso. Kafin a shiga garinmu akwai wani kwazazzabo da ke cinye tayar mota, tun ina yarinya sai an sauka an tura. Ran nan direba ya wuce sumul, sai dai wani ƙaras-ƙaras da na ji a ƙarƙashinmu. Har na yi wa Madam alfahari cewa an gyara hanya.

Gari kaf ya fito. Baba, Malam Gado, yana gaba cikin babbar rigarsa ta Sallah. Ko ruwa bai bari mun gama sha ba, ya ce a zo a ga wuri. Yana tafe yana murmushi, ni ma ina biye ina washe baki.

Muka isa, na tsaya ina waige-waige. Na ɗauka mun ɓata hanya.

Fili ne fetal, an share shi tas, an baza farin rairayi, an kafa rumfar zana, an shimfiɗa tabarmi. Babu tsibi ko ɗaya. Inda murhunan suke an daddage ƙasa an yayyafa ruwa. Ko ɓallin tukunya ban gani ba.

"Baba, ina kashin taman?"

"Wannan dattin? Haba, Uwata! Baƙuwa ta taso tun daga bayan teku, ta tarad da juji? Gayya na kira. Da amalanken shanu muka kwashe shi, muka cike kwazazzabo don motarku ta wuce. Murhunan nan sun ba mu wuya, wallahi, sai da diga."

Ya buɗe hannuwansa ya nuna mini. Duk sun yi kanta sun fashe, tsoho mai ciwon baya.

Inna lillahi! Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kunyar Madam ta rufe ni, matar da na ɗauko daga uwa duniya da cika baki, na kuma bi da ita ta kan abin da ta zo gani. Sai kuma wata kunyar da ta fi ta ciwo: na kama kaina ina jin kunyar ubana, mutumin da ya yi abin da duk ɗan halak zai yi wa baƙo. Shekara nawa ina karatun nan, ban taɓa zama na gaya masa abin da nake karantawa ba.

Madam ta durƙusa, ta shafa rairayin, ta daɗe. Da ta ɗago idonta ya yi ja. A hankali ta tambaye ni da Turanci, "Duka?" Na ce duka.

"Mi ta ce?" in ji Baba. Jama'a sun yi tsit suna jira.

A garinmu ɗiya ba ta gyara wa uba magana a gaban mutane. Sai na ce, "Ta ce ba ta taɓa ganin wuri mai tsabta haka ba."

Mata suka rangaɗa guɗa. Baba ya gyara hula, fuskarsa ta cika da haske.

"Madalla! To gaya mata akwai wani kufan a hanyar Dumega, ya fi wannan girma. Na aika su Sharif, samarin gari, da amalanke tun da safe, kafin gobe shi ma ya yi fes."

Ban san sadda na zube gabansa ba. Na yi ƙasa da murya iyakar iyawata, amma duk da haka kowa ya ji.

"Baba, ka gafarce ni, ƙarya na yi. Dattin ta zo gani. Shi ne karatuna. Don Allah a tsai da su."

Ya dube ni, ya dubi dattawan da ya tara gayya da su, sai ya mai da hannuwansa cikin riga. Can ya ce wa ƙanensa Ibrahim ya hau babur ya je ya tsai da aikin, ya ce wa mata a kai baƙuwa inuwa a ba ta fura. Shi kuwa ya juya ya tafi, ba ta hanyar gida ba.

Da la'asar na bi sawunsa. Na same shi cikin kwazazzabo da rigar Sallarsa, a tsugune, yana tsintar baƙaƙen dunƙulen ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a hula. Bai ɗago ba ya ce, "Uwata, ke kin san inda kowane yake. Ki nuna mini, in mayar."

Na san mayarwar ba ta da sauran amfani, shi ne abu na farko da aka koya mini a kan tudun nan na Wales. Na kwance ɗankwalina na shimfiɗa kusa da hularsa, na tsuguna muka ci gaba da tsinta.