Tsoho da Jan Maɓallin Caji

Direban tasin na ta sharar barci a kujerar gaba, baki buɗe, lokacin da tsohon ya danna jan maɓallin na'urar, ya zare kan cajar daga jikin motar, ya daki bayanta da tafin hannu yadda ya saba.

"Gaba, malam. Allah ya kiyaye hanya."

Direban ya farka a firgice, ya murtsuke ido, ya yi godiya, ya ja motarsa ko allon gabansa bai duba ba. Ta baya ta matso. Tsohon ya ji wani sanyi a ransa, don layin da ya fara tsawo har bakin titi ya motsa.

Tun yana saurayi yake tsaye a wannan fili yana zuba wa motoci mai, da farko a ƙarƙashin wani, daga baya gidan man ya zama nasa. Abin alfaharinsa a duniya guda ne: ba a yin layi a wurinsa. Marigayiya matarsa takan ce ko baƙo ne ya zo gida, kafin ya gama gaisuwa mijinta ya miƙa masa takalmansa.

Yanzu kuwa zamani ya juya. Tasi-tasin gari sai komawa lantarki suke yi, mai ya daina tafiya. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Manaja tun tana firamare saboda iyayinta, ita ta je ta kawo wani kamfani. Su suka kafa na'urorin caji, ita ta ba da fili da rumfa, abin da aka samu a raba. Aka tuge famfunan mai, aka bar tsoho da hula da hannaye biyu da ba su san zama ba. Ta yi masa bayani ba sau ɗaya ba cewa na'ura ita ke tsayar da kanta idan batir ya cika. Ya ce ya ji. Amma da safen nan ta tafi wurin mai walda duba bencinan da ta ba da a yi, shi kuwa ya ga motoci sun jeru, direbobi na hamma, zuciyarsa ta kasa ɗauka.

Ta dawo da wayarta a hannu, fuska a murtuke, don kamfani ya riga ya kira yana tambayar abin da ke katse caji tun safe. Ba ta kai ga buɗe baki ba sai ga tasin nan ta ɗazu, wata motar na jan ta da igiya. Wuta ta ƙare mata a tsakiyar gada, fasinjoji suka sauka suna mita, mai kaya ya ɗauki kayansa a ka. Direban ya fito gumi sharkaf. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi, da tsohon ya fi jin sauƙi.

Manaja ta ba shi haƙuri, ta sa aka tura motar gaban na'ura, sannan ta ja mahaifinta cikin ɗan ofishin da har yanzu yake ƙanshin tsohon mai. Ta rufe ƙofa. A hankali ta yi magana, kamar yadda uwarta take yi idan abin ya kai maƙura. Ta ce shi man fetur zuba shi ake yi, wuta kuwa batir shan ta yake yi sannu a hankali. Wanda ya shigo nan zama ya kawo shi, shi ya sa ta yi rumfa, shi ya sa take neman mai shayi da mai gyaran taya su zo su raɓa. Idan motoci suka riƙa tashi da rabin ciki, direbobi za su koma babban kantin tsallaken titi inda shi ma ake caji, kamfani kuma ya kwashe kayansa ya bi su.

"Baba," ta ce, tana kallon tebur, "ko dai lokaci ya yi da za ka huta a gida?"

Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Gidan nan ya san shi: kujera ɗaya, rediyo, da agogon bango da ba ya gajiya. Tun rasuwar matarsa ba ya kai hantsi a ciki. Ya so ya ce filin nasa ne, amma ya san da ba don ita ba da tuni an sa wa wurin kwado. Sai ya ce kawai bari ya je ya ba mutumin nan haƙuri da bakinsa.

Ya tarar da direban zaune a kan sabon bencin da Manaja ta taho da shi, yana fifita da hularsa. Ya zauna kusa da shi, ya danne hannayensa a ƙarƙashin cinyoyinsa, don ya san halinsu. Ya ba da haƙuri. Direban ya yi murmushi, ya ce ai ba yau aka fara korar shi daga nan ba.

"Baba, ba ka gane ni ba ko? Tun ina koyon tuƙi a wurinka nake shan mai. Da zan yi aure na zo musamman in gayyace ka. Na buɗe baki ke nan ka daki bayan mota."

Tsohon ya kalle shi da kyau. Ya tambaye shi wace mota yake ja a lokacin. Da aka faɗa masa, nan take ya tuna ta, har fitilar bayanta da aka ɗaure da waya. Fuskar mai motar ce dai bai taɓa gani ba. Suka yi dariya har direban ya share ƙwalla, amma kunya ta rufe tsohon, ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya ce to, auren ya wuce shi, a ba shi labari. Direban ya gyara zama. Ya faro daga surukinsa, wani mai taurin kai da ya rantse ba zai ba direba 'yarsa ba, ya zo kan haihuwar farko, ya zo kan 'yar da aka haifa ɗin, wadda yanzu ta nace sai ta koyi gyaran motar lantarki, kakan nata kuma ya ce sai bayan ransa. Tsohon ya manta da hannayensa, suka fito suna taya shi mamaki. Wasu direbobi biyu suka matso, kowa da nasa surukin.

Na'ura ta yi ƙara, fitilarta ta koma kore. Direban ya miƙe. Tsohon ya cafke hannun rigarsa.

"Ina za ka? Ba ka gaya min yadda kuka ƙare da kakan ba."

Motar da ke jira ta danna hon. Manaja, wadda ta daɗe tsaye a bakin ofis tana kallonsu, ta zo ta zare cajar da kanta, tana danne dariya. Ta ce Baba ya saki bawan Allah ya tafi neman abinci. Direban ya shiga mota, ya leƙo ta taga ya ce gobe batir zai sake jin yunwa, sai a ƙarasa.

Da yamma tana rufe ofis, tsohon ya tsaya a bayanta yana juya hularsa kamar mai neman aiki.

"Manaja, gobe fa?"

Ta daɗe tana kokawa da kwadon da bai ƙi rufuwa ba. Sannan ta juyo, ta gyara masa wuyan riga.

"Ka zo da wuri, Baba. Bencin nan naka ne. Jan maɓalli kuwa, ko kallonsa kada ka yi."