Fim Ɗin da Tela Ba Ya Ƙarasawa

Ɗan ƙanwar Tela ya rungumo talabijin zai fita da ita, sai Iya mai wanki ta tokare ƙofar ɗakin da hannu biyu, kumfar sabulu na ɗiga daga gwiwar hannunta.

"Ajiye ta. Maimaita min abin da kake faɗa wa masu gaisuwa."

Shekaranjiya Tela ya rasu, maƙwabcinta da bango ɗaya ya raba su shekara da shekaru. Tun ranar ɗan ƙanwar nan yake zagaya tsakar gida da labari mai daɗi. Wai ya shigo da yamma ya tarar da Kawu shi kaɗai a kujera, rai ya yi halinsa, fuska ɗauke da murmushi, tsohon fim ɗinsa na barkwanci ya kai ƙarshe. Wai da dariya ya tafi. Mutane kuwa sai gyaɗa kai suke.

Iya ba ta taɓa zama ta kalli fim ɗin ba, amma ta haddace shi ta bango. Labarin wani maƙaryacin ɗan takara ne da ya yi wa gari alkawarin rage zafin rana. Tela yakan yi dariya har tari ya sarƙe shi. Amma da an zo inda mutanen gari za su yafe wa maƙaryacin su ɗaga shi a kafaɗa, sai ya miƙe ya kashe, ya bubbuga bango ya ce mata ɓarawon zai ci, shi kam ba da shi ba. Ko zazzaɓi yake, sai ya ja jiki ya kashe.

Ranar da ya rasu kuwa, tana shanya ta ji kiɗan ƙarshen fim ɗin, kiɗan da ba ta taɓa ji ba. Ta kuma ji dariya, siririya, ta hanci.

Ɗan ƙanwar ya yi yaƙe, ya ce tsufa ne, kunne kan yi wa mutum gizo.

"Kunnen nan da kake rainawa ya san tarin kawunka ko cikin tarin mutum ɗari. Dariyar nan ba tasa ba ce. Wa ke cikin ɗakin?"

Cikin 'yan gidan, mai gyaran rediyo ya fito, matar direba ta tsaya da tsintsiya a hannu. Aka ce Iya ta yi haƙuri, gidan rasuwa ne. Ta ce haƙurin a ba mamacin da aka yi wa ƙarya tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ba ta neman komai, sai dai a faɗi gaskiya a gaban waɗanda aka faɗa wa ƙaryar.

Talabijin ta fara yi masa nauyi. Ya sauke ta a bakin ƙofa, ya tsuguna kusa da ita.

"Ya ce ƙirjinsa ya riƙe, in kai shi asibiti," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Na ce ya bari a ƙarasa, kaɗan ya rage. Tun ina ƙarami bai taɓa bari na ga ƙarshen ba. Da na waiwayo..."

Matar direba ta jingine tsintsiyarta.

Iya ta tsallake shi ta shiga ɗakin. Takalmin Tela ɗaya yana gindin kujera. Ɗayan yana can tsakar ɗaki a kife, a kan hanyar zuwa teburin da talabijin take zama. Ta goge hannu a zaninta, ta sunkuya ta ɗauko shi, ta ajiye kusa da ɗan'uwansa.