Agalemin Baba

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa: agalemi. A kawo abinci, ya kau da kai ya ce agalemi. A juya shi a kan katifa, ya yi nishi ya ce agalemi. Ƙugunsa ya fara miki saboda kwanciya. Likita kuwa ya yi magana a fili: in bai fara tashi zaune yana ci ba, a mayar da shi asibiti a zura masa roba ta hanci.

Babban ɗansa, bakanike ne mai taurin kai, ya rantse ba wanda zai zura wa ubansa roba yana raye. Matsalar ita ce ba wanda ya san mene ne agalemi.

"Ni fa ina jin sunan tsohuwar budurwarsa ne," in ji matar bakaniken.

"Ke, rufe mana baki."

Sai da Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo dubiya aka sami bakin zaren. "Fatar rago ce, ɗan nan. Kakanku a kanta yake zama, ita ce..."

Bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya je wurin mahauci ya zaɓo fata mai gashi cunkus, ya kai wa majemin da ke bayan garejinsa. "A jeme min, ta tsoho ce."

Ranar da ya karɓo ta, sumul take, ba gashi ko ƙwara. Ya shimfiɗa wa Baba. Tsohon ya shafa da hannunsa mai lafiya, ya dubi ɗansa kamar zai mare shi, ya ture ta ƙasa.

"Agalemi!"

Bakanike ya naɗe fatar a hammata, ya koma majema da baƙin mai a hannunsa. Wari ya tare shi tun daga ƙofa.

"Malam, me ka yi wa fatar nan?"

"Abin da ka ce. Ka ce a jeme, na jeme."

"Tsoho ya ƙi ta. Agalemi yake ta kira."

Majemi ya ajiye wuƙarsa. "To me ya hana ka faɗa tun farko? Agalemi ai da gashinsa ake barinsa, cikin kaɗai ake kankarewa. Ka cire gashi, ka tashi da fatar takalmi. Agalemin ne wasu ke ce wa buzu."

"Haba! Buzu ai na sani."

"Kai ka san buzu, tsohonka ya san agalemi. Yanzu kuma aiki ya yi min yawa, sai wani watan."

"Wani watan roba na hancinsa."

Bakanike ya fita, ya sa kwaɗo ya rufe gareji, masu motoci na ta kiransa bai waiwaya ba. Ya dawo da sabuwar fata, ya kife wani baho ya zauna.

"Ba ni wuƙar. Kai dai nuna min."

"Hannun sifana ne zai yi jima?"

"Zai koya."

Ya kankare, ya shafa haɗin da aka ba shi, ya shanya, ya murza har tafinsa ya yi kanta. Majemi na zaginsa yana gyara masa riƙo. Gashin ma shi ya wanke, ya taje da matajin matarsa, ba da saninta ba.

Da ya shimfiɗa a gefen gado, Baba ya nutsa yatsunsa cikin gashin, ya daɗe bai cire ba. Sannan magana ta fito masa da ƙyar.

"Tashe ni."

Bakanike ya ɗago shi ya zaunar a kai, ya tokare masa baya da ƙirjinsa.

"Ashe budurwar mai gashi ce," in ji matar daga bakin ƙofa.

"Kawo kwanon nan, kin tsaya surutu."

Baba ya buɗe baki tun cokali bai iso ba.