Bunsuran da Suka Ƙetare Rafi

A wajenmu, can arewacin Neuquén, bunsuru ba ya kiwo tare da awaki a watannin zafi. Kafin a hau dutse da garke a watan Nuwamba, lokacin da zafi ke kamawa a ƙasarmu, kowane gida sai ya ware bunsuransa ya kai wa Don Abelardo Retamal. Aikinsa ke nan, ya tsare su a wani kwari mai nisa har watan Mayu. In an dawo da su a lokacin, awaki sai su haihu a Oktoba, ciyawa ta tsiro, rana ta yi ɗumi. Amma in bunsuru ya hau akuya a Fabrairu, to a Yuli za ta haihu, tsakiyar dusar ƙanƙara, ɗan ya sandare tun uwar ba ta gama lashe shi ba.

Babana, Nicanor Sepúlveda, ya fi kowa sanin wannan. Sai dai a shekarar da ta gabata bunsurunsa ɗaya bai dawo ba. Don Abelardo ya ce zakin dutse ne ya kama shi. Baba ya ce, a gaban jama'a, wannan zakin ƙafafunsa biyu, kuma yana da tukunya. Daga ranar suka daina gaisawa, ko da yake Don Abelardo ne uban baftismar ƙanwata Zunilda.

Don haka Baba ya riƙe bunsuransa. Bayan bukkarmu ta kan dutse akwai rafi, a hayinsa kuma akwai wani ɗan fili da dutse ya kewaye ta gefe uku. Can ya zuba su. A Disamba, ƙanƙara na narkewa, rafin na ruri, ko doki sai ya yi shakkar shiga.

Inna ta ce masa, "Nicanor, bana ƙanƙarar ba ta zuba da yawa ba. Ruwan nan zai ja baya."

Ya ce, "Tun ina yawo ba wando na san rafin nan. Bai taɓa nuna mini ƙasansa ba."

Ni Herminda, ni ce babba a mata. Inna ce ta koya mana karatu, dukkanmu, don makarantar da ta fi kusa ta kwana ce, ita kuwa ta rantse 'ya'yanta ba za su kwana a ɗakin da ba ta san wanda ke riƙe da makullinsa ba. Da wani gwangwanin rufi da ta shafa wa baƙin fenti ta yi allo. Allon nan yana hawa dutse da mu a bayan alfadari, ya sauko da mu. Ƙarshen kowace shekara a kai mu gari mu zauna jarrabawa tare da 'yan makaranta, su yi ta toshe hanci wai muna warin hayaƙi. Na wuce su duka. Da abin da na koya a gwangwanin nan na shiga kwalejin horon malamai, kuma ban taɓa sunkuyar da kai ba in an tambaye ni makarantar da na yi.

Na zo hutu ke nan, saura ɗan lokaci in koma, a farkon Maris. Idon Inna ya fara rauni, sai na karɓi darasin safe. Zunilda na da shekara goma sha ɗaya, Brígida takwas.

Ran da abin ya faru muna ƙarƙashin rumfa. Ƙarshen Fabrairu ne, ciyawa ta koma ruwan ƙasa, iska na kwasar ƙura tana watsa mana a littafi. Ina koya wa Zunilda rabawa mai tsawo, Brígida kuma na kwafar jimloli tana lilo da ƙafa. Can ta ɗaga kai ta yamutsa fuska.

"Yaya, wani bai yi wanka ba."

"Ke ce. Rubuta."

"Ba ni ba ce. Warin bunsuru ne."

Na ajiye alli. Gaskiyarta. Warin na zuwa ne daga gangaren da awaki ke kiwo, ba daga hayi ba.

Muka ruga. Bunsuran suna nan cikin garke, dukkansu, suna huci, suna bin awaki leɓe a ɗage. Na gangara rafi. Ruwan bai kai mini idon sawu ba, duwatsun ƙasansa sun fito sun yi fari. A gefenmu ga sawunsu nan birjik a taɓo, wani sabo, wani ya bushe har ya tsage. Ba ranar suka fara ƙetarewa ba. Da asuba suke zuwa, in karnuka sun taso su koma.

Baba ya iso a kan doki. Bai yi ihu ba. Ya daɗe yana kallon sawun nan, sannan ya sauko ya kama taya mu korar su. Sai da muka mayar da su hayi ya yi magana, bai dubi kowa ba.

"Littattafai su koma akwati. Zunilda da Brígida, nan za ku riƙa wuni, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Ko ɗaya ya sake taka ruwan nan, ku kuka da kanku."

Zunilda ta ce, "Baba, darasin fa?"

"Sai baɗi."

Na san wannan baɗin. Yayanmu Gumersindo an taɓa ce masa sai baɗi, shekarar fari. Yau yana can kudu yana sausayar tumakin wasu, in zai sa hannu a takarda sai ya ciji harshe yana zana sunansa harafi-harafi.

Da rana Inna ta naɗe allon cikin bargo ta tura ƙarƙashin gado. Zunilda kuwa ta tafi bakin rafi da sanda, ta zauna a kan dutse ta ba mu baya.

Na sami Baba yana gyaran linzami.

"Baba, a kai su wajen Don Abelardo. Yaran sai su huta da gadi."

"Malama ta yi magana," in ji shi, yana gaya wa linzamin. "A kwalejin naku har da darasin bunsuru ake yi?"

"Ba a yi. A gida na koya."

"Ƙafata ba za ta taka ƙofar mutumin nan ba."

"Ban ce taka ba."

Ya ɗago ya dube ni, na dube shi. Mutane na cewa idonmu ɗaya, ni da shi.

Washegari tun gari bai gama wayewa ba na ɗaura wa goɗiya sirdi, na kira kare, na kora bunsuran. Baba yana tsaye a ƙofar bukka da ƙoƙon shayin mate a hannu. Bai hana ni ba, bai kuma ce Allah ya kiyaye ba.

Wanda bai taɓa kora bunsuran da suka ɗanɗana garke ba, bai san wahala ba. Kowane lungu sai sun juya. Babban cikinsu ya tunkuyi kare har ya yi ɗingishi. Iska ta tsage mini leɓe, warinsu ya shiga gashina da tufafina. Sai da rana ta take tsaka na hango hayaƙin bukkar Don Abelardo.

Yana zaune a kan kututture, tsoho ne gajere mai farin gashin baki. Ya gane alamar kunnensu tun daga nesa.

"A'a! Bunsuran Don Nicanor a gidan zaki? Bai ji tsoron tukunyata ba?"

"Barka da rana, Don Abelardo. Ba shi ya aiko ni ba."

"Ai na sani. Sauko, 'yata, kin yi kama da wadda aka tono daga rami."

Ya miƙo mini mate, na zuƙa, na mayar masa. Ya dubi bunsuran, ya ga yadda suke leƙen hanyar da muka fito.

"Sun shiga?"

"Sun shiga."

"Tun yaushe?"

"Wani sawun ya bushe."

Ya cire hula ya sosa ƙeya. "To, dilolin kwarinku za su yi ƙiba a Yuli." Bai yi dariya ba da ya faɗa. "Zan karɓa. Amma ki faɗa da bakinki, a madadin ubanki, cewa ban ci masa bunsuru ba."

"Ban sani ba ko ka ci. Ina makaranta lokacin."

Ya tsaya yana kallona. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai! Nicanor ne sak, an sa masa siket. Ke da kika zo roƙo?"

"Ban zo roƙo ba. Aikinka na kawo maka. In ba ka so, in juya da su, 'yar baftismarka ta ci gaba da zama a bakin rafi tana gadinsu maimakon karatu."

Dariyar ta tsaya. Ya tashi ya buɗe shinge da kansa.

"Saboda Zunilda," ya ce. "Ki gaya wa ubanki ban yafe ba."

"Shi ma bai yafe ba."

Na iso gida rana na shirin faɗuwa. Inna ta soya burodi da kitse, kowa na zaune a tebur. Zunilda ta dube ni, na gyaɗa mata kai.

Baba ya ce, "Gobe duk kwarin nan za a ji cewa Sepúlveda ya tura 'ya mace ta durƙusa masa."

"Ban durƙusa ba. Gadi ya ƙare, Baba. Gobe a fito da allo."

"Gadi!" Ya buga tebur har ƙoƙon mate ya kife. "Kina tsammanin gadi ne kawai? Wa zai yanke ciyawar fadama kafin mu sauka? Wa zai ɗebo duwatsun da za a gina wa awaki ɗaki a gidanmu na ƙasa, can gindin dutse? A Yuli wa zai bi su cikin ƙanƙara yana tsintar 'ya'ya? Ni da uwarki da ba ta gani sosai? Ke kina gari, ƙafa kusa da murhu, kina karanta yadda ake koyar da 'ya'yan wasu. Hannu nake nema, Malama, kuma waɗannan biyun su ne hannun da nake da su."

Ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa maganar ta yi mini zafi. Duk hanya ina tunaninta.

Na ce, "Ga nawa. Zan zauna."

Inna ta ce, "Herminda, rufe bakinki."

"Aikin su biyun ni kaɗai zan yi, har in ƙara. Amma safiya tasu ce. Ba mai taɓa su sai rana ta haye dutsen can."

"Kwaleji ba ta ajiye wa kowa kujera," in ji Inna. "Kin san abin da na sha kafin ki kai can?"

"Na sani, Inna. Ni ai na iya karatu, ba mai ƙwace mini."

Baba ya ce, "A gidana ake gindaya mini sharaɗi?"

"A gidanka."

Brígida ta daina tauna. Baba ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita wajen dawakai. Bai taɓa cewa ya yarda ba. Amma da safe Inna ta jawo allon ta kwance bargon, ya wuce ta gabanmu ya tafi wajen awaki.

A makon farko na Maris motar wani maƙwabcinmu ta biyo, wadda da ita zan sauka gari. Ina cikin fadama da lauje, ruwa ya jiƙa mini takalma. Direban ya yi ta danna ƙaho.

"Malama! Ko kin samu miji ne a dutse?"

Na ɗaga masa laujen, na ce ya gaida gari. Na ci gaba da yanka har ƙarar motar ta ɓace. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, suka fashe, suka warke, suka sake fashewa. Da muka sauka gidan ƙasa ni da Baba muka ɗebi duwatsu har bayana ya daina miƙewa daidai. Yini guda za mu yi muna aiki kafaɗa da kafaɗa, maganarmu ba ta wuce "miƙo" da "riƙe" ba.

Yuli ya zo da ƙanƙara har gwiwa. Ɗakin da muka gina bai ɗauki ko rabin awakin ba. Suka yi ta haihuwa a bayan duwatsu, cikin ƙaya, duk inda naƙuda ta kama su. Ina fita da buhu in dawo da shi cike, masu motsi a cikin rigata, marasa motsi a buhun. Buhun ya fi nauyi kullum. Waɗanda suka rayu muka jera su kusa da murhu, ɗakin girki ya cika da kuka da fitsari. Wasu sukan kwana biyu su mutu duk da haka. Baba ya rame, ya daina aske gemu. Wata safiya na gan shi a bayan gida yana hura wa wani mataccen ɗan akuya iska a baki, na koma ciki kamar ban gani ba.

Mata a coci suna kama hannuna suna cewa kaico, yarinya mai ƙwaƙwalwa. Ina zare hannuna. Ba wanda ya ɗaure ni.

Darasi bai tsaya ba ko rana ɗaya. Tebur ɗaya gare mu, sai muka raba shi: gefe guda littattafai, gefe guda ni da wuƙa, ina feɗe matattun don fatarsu, tunda ita kaɗai ta rage mana daga gare su. Zunilda ta gama rabawa ta shiga lissafin kaso. Brígida na karatu da ƙarfi, wani ɗan akuya na tsotsar mata yatsa, ta tsallake layi guda tana tsammanin ban lura ba.

Na ce, "Koma baya."

"Yaya, hannuna ya ƙage."

"Da baki ake karatu. Koma baya."

Ta koma. Na jawo na gaba daga buhu.