Rigar da Harsashi Ba Ya Hudawa

Daraktan ya shigo shagona ko sallama babu, ya shimfiɗa takardar zanen riga a kan keken ɗinkina. Wasan dandamali za su yi a kan Jagora, wanda ya ja garinmu zuwa yaƙi da carbi a hannu.

"Farar riga nake so, Baba tela, fes. Kin san harsashi bai taɓa huda rigarsa ba."

Ni zai gaya wa? Shekara biyu ina ɗinki a sansanin Jagora. Iri ɗaya nake ɗinka rigunan, a sa wa maza masu tsayinsa, a rufe musu fuska a tura su gaba, shi yana tanti yana jan carbi. Idan ɗaya ya faɗi, sai Jagora ya fito sanye da sabuwa, jama'a su yi ta kabbara. Mijina ne mutum na huɗu da ya faɗi.

Na gaya wa daraktan haka, na ce ko layi ɗaya ne ya sa a wasan.

Ya taɓe baki. "Imani mutane za su zo gani, ba ɓacin ranki ba. Ki ɗinka, ko in kai wa wani."

Na tsani mutumin nan har cikin raina. Na ce zan kai masa ranar wasa.

Ban yanka yadi ba. Na ciro rigar mijina daga ƙasan akwati, na wanke, na goge, ban taɓa hujin ba. Guda bakwai ne, duk a ƙirji. Na miƙa ta a ninke ana gab da ɗaga labule, yadda ba mai lokacin dubawa, na je na zauna a layin gaba.

Ɗan wasan da ke matsayin Jagora ya fito, ya buɗe hannuwa zai fara huɗuba. Fitila ta haske ƙirjinsa, hujin nan suka fito ɓaro-ɓaro. Na hango darakta a gefen labule kamar zai haɗiyi harshensa. Na ce a raina, yau dai za su tambaya.

Sai wani dattijo ya miƙe a bayana.

"Ku duba ikon Allah! Ya huda riga, bai taɓa jiki ba!"

Zauren ya ɓarke da kabbara. Matar da ke kusa da ni ta kama hannuna tana kuka, ta ɗaga shi sama tare da nata.